Manhajar tsara hotuna ta fuska: ido gare ta sosai, amma hankalin da saura

Duk wanda hotuna suka taru masa a kwamfuta ko a waya har ya rasa ta inda zai fara neman hoto guda, to wannan bitar tasa ce. Manhajar da zan yi magana a kanta irin wadda ke bin hotunanka ɗaya bayan ɗaya ce, ta nemo fuskokin mutane, ta zana wa kowace ɗan akwati, sannan ta tara kowa a rukuninsa, kai naka kawai ka rubuta suna. Irin aikin da mutane suka sani a Google Photos ko Photos na Apple, sai dai tawa ba ɗaya daga cikinsu ba ce, a kan kwamfuta take zaune kuma ba ta buƙatar intanet. Na daɗe ina aiki da ita a kan hotunan iyali, tsofaffi da sababbi, har da waɗanda aka wanke a takarda tun da can na bi su da sikana. Kuma tun farko in faɗa, ina son ta, ina kuma ba da shawarar a gwada ta. Amma akwai wani abu guda da ya tsaya min a rai wanda shi ne ma ya sa na zauna rubutun nan, manhajar nan tana gani amma ba ta tunani, kuma kusan duk kuskuren da take yi daga nan yake fitowa.

Ayyuka biyu take yi, kuma yana da kyau a raba su domin mutane na haɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne ta gano cewa akwai fuska a wannan wajen na hoton. Na biyu shi ne ta gane fuskar wane ce. In na farkon ya lalace to na biyun ba shi da tushe, domin fuskar da ba a gano ba babu yadda za a yi a sa mata suna, abin da kuma aka ɗauka fuska alhali ba ita ba ce zai shigo ya cika maka wuri a banza.

A ɓangaren alheri gaskiya ta burge ni. Ka nuna mata folda ka tafi harkarka, kafin ka dawo ta gama da dubban hotuna, aikin da in da hannu ne babu mai haƙurin yin sa. Mutum ya sa tabarau tana kama shi, ya juya gefe tana kama shi, ya tara gemu ko ya aske duk ɗaya ne a wajenta, hatta yaron da ya girma daga rarrafe zuwa shiga makaranta takan haɗa yawancin hotunansa wuri guda in dai akwai na tsakanin shekarun. Abin da ya fi taɓa ni shi ne hotunan kakana, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ba ya son tsayawa gaban kyamara, don haka a zatona hotunansa 'yan kaɗan ne, sai ga manhajar ta tono shi a wuraren da ban taɓa lura ba, a wani hoton yana can baya ta gefen hagu, rabin jikinsa ƙofa ta kare shi, kansa a ɗan sunkuye yana duba wani abu a hannunsa, wanda ya ɗauki hoton ma ba shi yake nufi ba. Wallahi na jima ina kallon hoton nan. Ko da wannan kaɗai manhajar ta yi min, ta biya ni.

To amma ka buɗe rukunin da take tara fuskokin da ba ta san masu su ba, a nan za ka ga inda matsalar take. Soket ɗin bango mai ramuka uku yana ciki. Gaban mota, fitila biyu da ragar tsakiya, yana ciki. Kullin da ke jikin ƙofar katako, agogon bango, gwiwar yaro da inuwa ta faɗa mata, zanen da ke jikin labule, duk ta zana musu akwati tana tambayata wane ne wannan. Waɗannan ma masu sauƙi ne, ka danna ka goge. Wanda ya fi damuna shi ne na wani yaro a cikin dangi da ke da riga mai hoton fuskar ɗan ƙwallo a ƙirji, yana son rigar sosai don haka ta fito a hotuna da yawa, sai manhajar ta buɗe wa fuskar jikin rigar rukuni nata na kanta, ta jera ta a sahun 'yan gida, har ta fi wasu 'yan uwa na gaskiya yawan hotuna. Ka duba hoton da kyau, akwati ɗaya a fuskar yaron, wani akwatin a ƙasa da haɓarsa kaɗan, a tsakiyar ƙirji, fuskar ta lanƙwashe tana bin naɗin yadi, babu wuya babu kafaɗa. Yaro ɗan shekara uku in ka tambaye shi mutum nawa ne a hoton nan zai ce ɗaya. Manhajar ta ce biyu, kuma da cikakken tabbaci take faɗa.

Haka kalandar bango, haka hoton da aka rataye a falo, haka fuskar mai karanta labarai a talabijin ɗin da ke bayan mutane. Duk a wajenta mahalarta taro ne.

A ɓangaren sa suna ma haka abin yake. Akwai wa da ƙani masu kama da juna sosai, a hoto guda suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ta ba su suna ɗaya su biyun. Kamannin ban musa ba, ko baƙo zai iya rikicewa, amma ai mutum ɗaya ba ya tsayawa wuri biyu a hoto ɗaya, in ta tabbata na dama shi ne wane to dole na hagu wani ne daban, wannan ba ya buƙatar ido mai kyau, lissafi ne kawai na hankali. Sannan akwai hoton uba yana yaro, tsohon hoto marar kala, na ma gyara masa shekarar da aka ɗauke shi da hannuna a cikin manhajar, duk da haka ta sa masa sunan ɗansa wanda a lokacin ko auren iyayensa ba a yi ba. Bayanin shekarar yana nan a gabanta, ba ta dai san cewa ba a ɗaukar mutum hoto kafin a haife shi ba.

Me ya sa haka? Sai an koma yadda aka gina abin tun asali. A 2001 wasu masu bincike biyu, Paul Viola da Michael Jones, suka fito da hanyar da ta sa gano fuska ya zama abu mai sauri har a iya sa shi a na'urori na yau da kullum. Dabarar ita ce a ɗauki ɗan murabba'i ƙarami, ɗigo 24 a tsaye 24 a kwance, a riƙa jan sa a kan hoton daga kusurwa zuwa kusurwa, a girma daban-daban, kowane waje a yi tambaya, wannan ya yi kama da fuska? Tambayoyin kuma na haske da duhu ne zalla. Ta farko, shin layin idanu ya fi kumatu duhu? Ta biyu, shin idanu biyu sun fi karan hanci da ke tsakaninsu duhu? Wajen da ya faɗi a tambayoyin farko a jefar da shi nan take, wanda ya ci ya wuce mataki na gaba mai tsauri, haka har matakai 38. Saboda yawancin hoto ba fuska ba ne, ana zubar da shi tun a matakan farko, shi ya sa a kwamfutar wancan zamanin mai gudun megahaz 700 ma tsarin ke iya duba hotuna 15 a daƙiƙa ɗaya. Aiki ne na ƙwarai, ba na raina shi ko kaɗan. Amma ka lura da abin da tsarin ke gani, abin da ke cikin murabba'in nan kawai, kamar mai leƙen ɗaki ta ramin makulli, ya ga duhu biyu a sama da duhu ɗaya a ƙasa sai ya ce fuska ce, bai ga bangon da soket ɗin ke manne a jiki ba, bai ga tayoyin motar ba.

Manhajojin yanzu sun wuce nan nesa. Tun daga 2012 da tsarin koyo mai zurfi ya yi zarra a gasar gane hotuna ta ImageNet, aka daina rubuta wa kwamfuta siffar fuska da hannu, sai a zuba mata misalai masu tarin yawa ta koya da kanta. Akwai wani rumbun hotuna da ake kira WIDER FACE da masu bincike a Hong Kong suka fitar a 2016, hotuna 32,203 ne ɗauke da fuskoki 393,703 da mutane suka zauna suka yi wa alama, ƙanana da manya, a karkace, a rufe rabi, cikin duhu, kuma da irinsa ake horar da masu gano fuska ana gwada su. Shi ya sa manhajata ke iya kama kakana a bayan ƙofa, abin da tsohon tsarin da wuya ya iya. Sai dai abin da aka koya mata shi ne kamannin fuska, ba a koya mata mene ne mutum ba. Fuskar jikin riga kuwa ta cika duk sharuɗɗan kamanni, domin hoton fuska ce ta gaskiya. Ta wani ɓangaren ma manhajar ba ta yi ƙarya ba, fuska ce ɗin, tambayar da ni nake so a amsa min ce daban, wato su wane ne ke wajen nan lokacin da aka ɗauki hoton.

Kuma kar a ɗauka na'ura ce kaɗai ke ganin fuska inda babu. Mu ma muna yi, a gajimare, a jikin dutse, a gaban mota. A 1976 kumbon Viking 1 na hukumar NASA ya aiko da hoton wani tsauni a duniyar Mars da ya fito kamar fuskar mutum, aka yi shekaru ana surutu a kai, sai da aka samu hotuna masu kyau daga baya, har da na 2001, aka ga tudu ne kawai da inuwa ta yi wa ado. Bambancin shi ne mu muna da mataki na biyu. Ido ya ce fuska, kafin ƙiftawa hankali ya ce a'a, wannan a jikin bango take kusa da ƙasa kuma waya na fitowa daga cikinta. Wannan matakin na biyun ne babu a manhajar, kuma shi ne duk ƙorafina.

In a hotunan gida ne abin bai wuce ɓata lokaci ba, amma a waje ya taɓa jawo abin kunya na gaske. A watan Nuwamba na 2018 a birnin Ningbo na ƙasar Chaina, kyamarar da aka kafa don kama masu tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba ta ɗauki fuskar Dong Mingzhu, shugabar kamfanin Gree mai ƙera na'urorin sanyaya ɗaki, ta haska ta a babban allo a matsayin mai laifi. Matar ko kusa da wajen ba ta je ba, hotonta ne na talla a jikin motar bas da ta zo wucewa. 'Yan sandan birnin sun amsa kuskuren suka goge. Ka tsaya ka ƙirga abubuwan da kowane mai wucewa ya sani waɗanda na'urar ba ta sani ba, kan mutum ba ya kai wannan girman, mai tafiya a ƙasa ba ya gudu daidai da bas, fuskar mai rai ba ta daskarewa babu motsi, kuma mai tsallaka titi yana da ƙafafu a kan kwalta. Ko ɗaya daga ciki aka duba da an tsira. A 2020 kuma a Sikotlan, a wasan ƙungiyar Inverness Caledonian Thistle, kyamara mai sarrafa kanta da ya kamata ta riƙa bin ƙwallo ta yi ta komawa kan sanƙon mataimakin alƙalin wasa, masu kallo daga gida suka yi ta rasa abin da ke faruwa a fili. Wannan ba fuska ake nema ba amma ciwon iri ɗaya ne, abu mai zagaye mai sheƙi, ba a tambayi ko yana bisa wuyan mutum ba.

Akwai kuma inda irin wannan kuskuren ba laifi ba ne. A 2016 aka ga hoton wata saniya a Cambridge ta Ingila a Google Street View, wato hotunan tituna da Google ke nunawa a taswirarsa, an dusashe mata fuska, domin tsarin na dusashe fuskokin mutane da kansa don kare sirrinsu. Mutane sun yi dariya amma ni a ganina daidai ne, a aikin ɓoye fuska gara ka rufe saniya da ka bar mutum ɗaya a buɗe. A aikin tuhumar mutum kuwa akasin haka ne. Wato sanin wane kuskure ne ya fi tsada shi ma wani ɓangare ne na hankalin da ake nema, kuma manhajata ta bar min wannan a hannuna ta hanyar wani maɓalli da zan zo kansa.

Sai dai in yi wa masu ƙera ta adalci, abin da nake nema ba ƙaramin abu ba ne, yana cikin tsofaffin matsalolin ƙirƙirarriyar basira da har yau ba a gama da su ba. Tun a 1959 masanin kwamfuta John McCarthy ya yi rubutu kan yadda za a samar da manhaja mai irin hankalin da kowa ke da shi. A 1984 Douglas Lenat ya fara aikin Cyc, inda aka ɗauki mutane suna zaune suna shigar wa kwamfuta abubuwan da kowa ya sani amma babu mai rubutawa, ƙa'ida bayan ƙa'ida har miliyoyi, aka yi shekaru gommai ana yi har ya rasu a 2023. A 1999 a jami'ar MIT aka buɗe wani aikin na tattara irin waɗannan bayanai daga jama'a ta intanet, wanda daga cikinsa rumbun bayanan da ake kira ConceptNet ya fito. A 2018 hukumar DARPA ta Amurka, mai kula da binciken fasahar tsaro, ta sake buɗe shiri na musamman a kan batun, wanda ke nuna maka cewa bayan kusan shekara 60 ana nan ana fama. Abin da ke sa shi wuya shi ne kowace ƙa'ida tana da togaciya. Ka ce fuska dole ta kasance a kan jiki, to mai leƙowa ta taga fa, ko yaron da ya lulluɓa da bargo kai kawai a waje, ko mai iyo a ruwa? Ka ce ba a samun fuska a ƙirjin mutum, to uwar da ta rungume jariri fa? Ka ce mutum ɗaya ba ya fitowa sau biyu, to wanda ke tsaye gaban madubi fa? Ka ce fuskar da ke cikin firam a bango ba a buƙatarta, to in hoton mamaci ne da iyali ke so a sa masa suna fa? Da masu manhajar sun sa waɗannan ƙa'idodin a matsayin doka mai yanke hukunci, da kakana na bayan ƙofa shi ne farkon wanda za a jefar, tunda rabin jikinsa ba ya cikin hoton. Don haka na fahimci dalilin da ya sa suka ja baya. Amma tsakanin doka mai tsauri da babu komai akwai wuri, ana iya sa waɗannan abubuwa su zama masu ƙara ko rage tabbaci kawai, kuma a nan ne nake ganin sun yi kasala.

Kuma an riga an nuna cewa duba kewaye yana aiki. A 2017 Peiyun Hu da Deva Ramanan na jami'ar Carnegie Mellon sun yi bincike kan gano fuskoki 'yan mitsi-mitsi a cikin taro, suka nuna cewa in fuska ta yi ƙanƙanta sosai to ko mutum ba ya iya tabbatar da ita sai ya ga abin da ke zagaye da ita, gashi, kafaɗa, sauran jiki, kuma da aka bar na'ura ta duba faɗin da ya ninka fuskar sai aikinta ya inganta ƙwarai, har ta gano fuskoki kusan 800 a wani hoton salfi da aka ce mutum 1,000 ne a ciki. Apple ma a 2021 sun wallafa bayanin cewa manhajar hotunansu tana haɗa fuska da saman jiki, wato har da tufafi, a hotunan da aka ɗauka lokaci guda, don ta gane mutum ko ya juya kai. Face ID, tsarin buɗe waya da fuska da suka fito da shi a 2017 kuwa, yana harba ɗigon haske sama da 30,000 don auna tudu da kwarin fuska, saboda an san fuskar gaske ba shafaffiya ba ce kamar takarda. Duk waɗannan sani ne game da duniya aka shigar cikin na'ura. A tawa manhajar kuwa, mutum yana hoto na farko an gane shi, a na biyu da aka ɗauka bayan daƙiƙa biyu ya waiwaya, riga ɗaya, wuri ɗaya, mutanen gefensa ɗaya, shi ke nan ya ɓace mata.

Inda rashin nan ya fi yi min ciwo shi ne a kan masu duhun fata. In hasken ya fito daga bayan mutane, ko hoton dare ne, ko kyamarar ta daidaita haskenta da farar riga, sai ka ga an zana wa kowa akwati an tsallake mai duhun fata, alhali ga rigarsa, ga kafaɗunsa, ga hannunsa a kan kafaɗar na kusa da shi. Jikin da ke tsaye a sahu ai da kai a samansa, ko da fuskar ba ta fito sosai ba ya kamata a ce akwai mutum a nan, ko a ƙara wa wajen haske a sake dubawa. Wannan matsalar sananniya ce a fannin gaba ɗaya. Joy Buolamwini ta MIT ta nuna yadda wata manhajar gano fuska ta kasa ganinta sai da ta sa farin abin rufe fuska, sannan a 2018 ita da Timnit Gebru suka gwada tsarin kamfanoni uku da ke tantance mace ko namiji daga hoto, kuskuren ya kai kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, a kan maza masu hasken fata kuwa bai wuce kashi 0.8 ba. Babban maganin shi ne a horar da tsarin da hotunan kowane irin mutum, wannan babu gardama, amma duba jiki da kewaye zai rage ɓarnar a hotunan da haskensu ya riga ya lalace, kuma irin waɗannan su ne suka fi yawa a tsofaffin hotunan iyali.

Maɓallin da na ambata shi ne na tsananin bincike. Ka ja shi sama ta kamo kowa har da soket da labule, ka ja shi ƙasa shara ta ragu amma na gefe da na baya da masu duhun fata su fara ɓacewa. Ni na bar shi a sama, domin goge soket ya fi min sauƙi a kan rasa mutum, wanda aka tsallake ba za ka ma san an tsallake shi ba balle ka nema. Akwai kuma wajen da za ka sa mafi ƙanƙantar girman fuskar da kake so, wannan yana da amfani a hotunan filin wasa ko na babban taro inda ba ka buƙatar kowane ɗan kallo. Abin da ya ba ni haushi shi ne maɓallin da ke cewa wannan ba fuska ba ce, yana goge akwatin a wannan hoton kawai, ba ya ɗaukar darasi, soket ɗin ɗaki ɗaya sai ka kore shi a kowane hoton da ya fito. Dabarar da ta fi min aiki ita ce in buɗe rukuni guda in sa masa suna shara, in riƙa tura fuskar riga da ta kalanda can, daga nan ita da kanta take kai sababbin can ɗin tunda ta iya haɗa masu kama da juna, sai in ɓoye rukunin. Sannan ka fara sa suna da hotuna masu haske inda mutum ke kallon kyamara, kuma 'yan uwa masu kama ka tabbatar da su da hannu tun da wuri kafin kuskuren ya yaɗu, domin kowane suna da ka amince da shi tana ƙara gina na gaba a kansa.

Batun sirri a gajarce, tunda komai a kan kwamfutarka yake babu abin da ke fita, kuma wannan babban maki ne a wajena, bayanan fuska ba kamar kalmar sirri ba ne da za ka canza in ta fita. Ko Facebook a Nuwamban 2021 sun sanar da rufe tsarinsu na gane fuska da goge bayanan fuskokin mutane sama da biliyan ɗaya.

Wanda ke da tarin hotunan iyali, ko mai ɗaukar hoto da ke son ware wa kowa nasa bayan taro, manhajar nan za ta rage masa aiki sosai in dai ya yarda zai zauna ya bi bayanta. Wanda kuma ke son ya ƙirga mutane da ita, ko ya kafa hujja cewa wane yana wuri kaza, kar ya fara, lissafinta zai haɗa da na jikin riga ya bar na cikin inuwa. Abin da nake roƙon masu ita a fitowa ta gaba ba mai yawa ba ne, kuma babu wanda ke buƙatar sabon bincike. A ba ni wajen rubuta shekarar haihuwar mutum, ta daina sa shi a hotunan da suka girme shi. In ta ba mutum biyu suna ɗaya a hoto guda ta tsaya ta tambaye ni. Fuskar da ba ta taɓa canza yanayi ba a hotuna da yawa, murmushi ɗaya kallo ɗaya, ta ware ta a matsayin mai yiwuwa bugawa ce. Kuma tunda yanzu akwai manyan tsare-tsaren da ke iya kallon hoto gaba ɗaya su bayyana abin da ke ciki, duk da suna da nauyi da jinkiri, a bar mai saurin ya yi zagayen farko, waɗanda aka yi shakka a kansu kaɗai a miƙa wa mai nauyin ya duba ko mutum ne a tsaye ko takarda ce a bango, ko da zai ɗauki dare guda yana yi ni zan jira.